Wat Dubu Biyu a Ɗakin 'Yan Tsaki

Datti ya naɗe hannu da hularsa, ya miƙa ya murɗo ƙwan lantarkin daga mazauninsa. Zafin ya ratsa hular ya lashe masa yatsa, amma bai saki ba. A ƙasa, cikin kewayen kwali da aka shimfiɗa wa ɓuntun shinkafa, 'yan tsakin ƙanensa Suhaibu suka ɗago kai suna kuka, sannan suka ruga ƙarƙashin ɗaya ƙwan da ya rage. Su ɗari da hamsin ne, ko sati ba su cika ba, kowanne kamar curin auduga. Da na wani ne da Datti ya tsuguna ya kalle su, don mutum ne mai son ƙananan halittu. Amma na Suhaibu ne, sai ya ja ƙofa ya fita.

Mai tsakin ba ya nan. Tun bayan asuba ya bi mota zuwa Kano sayo abinci da maganin rigakafi, ya bar wa mahaifiyarsu, Inna Kubra, amanar zuba musu ruwa.

Gidan nasu yana wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, bakin kanal. Bara waccan, da shinkafa ta yi kyau, 'yan'uwan biyu suka haɗa hannu suka sayi sola. Aka jera faifan a kan rufi, aka ajiye batir da inbata, na'urar da ke raba wutar ga gida, a zaure, kuma Datti ne ya ja kowace waya da hannunsa. Ya yi shekara biyu a makarantar fasaha kafin mahaifinsu ya rasu, ya tattara littattafansa ya dawo ya riƙe gona. Har yau tsofaffin abokai na kiransa Injiniya, rabi girmamawa rabi tsiya.

To, tun da marka ta kama batir ba ya kai safiya. Firizar matarsa Zuliha, wadda take daskarar da zoɓo da kunun aya, sai ta ɗauke kafin asuba, gari ya waye kaya sun narke. Ko yaron goye ya san rana ta yi kwanaki ba ta leƙo ba, kuma sola ba ta cin hadari. Datti ma ya sani. Amma ya ce ruwa ba ya tsami banza, kuma tsamin nan ya zo daidai da zuwan tsakin Suhaibu.

Gaskiyar magana ba firiza ce ke cin ransa ba. Datti ɗan fari ne, kuma Inna mace ce ta da, mai riƙon alkunya. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. In tana son magana da shi sai ta ce, "Kai," ko ta juya ga Zuliha ta ce, "Gaya wa mijinki." Ba ta yabonsa, ba ta tsayar da ido a kansa, ko rashin lafiya yake yi daga bakin ƙofa take tambaya. Ya san al'ada ce, ya san ba ƙi ba ne, shi ma da bakinsa ya sha bayyana wa yara haka. Sanin bai taɓa hana abin ciwo ba. Suhaibu kuwa auta ne, babu wata kunya tsakaninsa da ita. Autana kaza, autana kaza. Da ya fara kiwon kaji, zubi uku a jere ba asara, sai bakin Inna ya ƙi rufuwa. Duk wadda ta shigo gidan, ko aron rariya ta zo, sai ta ji labarin kajin Auta. Shinkafar da ake tuƙawa a gidan kuwa, wadda Datti ke shiga taɓo har gwiwa dominta, ba wanda ya taɓa ba da labarinta, ci kawai ake yi. Yana kishin yaron nan, kishi mai nauyi, irin wanda mutum ke kwana da shi ya tashi da shi kuma ba zai iya faɗa wa ko matarsa ba.

Ya daɗe kafin ya gano mitarsa ta auna wuta a ƙasan akwatin ƙarfe. Sai da ya kankare tsatsar bakin batirinta ya bubbuga ta a tafin hannu sannan ta farka. Kafin nan ƙwan ya huce sarai a kan tabarma.

Karatun bai gudu duka ba. A cikin kowane ƙwai irin na da akwai siririn zaren ƙarfe, zaren yana turje wa wutar da ke ratsa shi, kuma ana auna turjiyar da abin da ake kira om. In ka ninka ƙarfin wutar gida da kansa, ka raba da turjiyar, abin da ya fito shi ne wat ɗin da ƙwan ke sha. Ya ɗora baƙar waya a gindin ƙwan, ja a gefe. Mita ta nuna arba'in.

Ya tsuguna a ƙofar ɗaki, ya ɗauki tsinke ya fara zane a damshin ƙasa. Ɗari biyu da ashirin sau ɗari biyu da ashirin, dubu arba'in da takwas da ɗari huɗu. A raba da arba'in. Ya tsaya, ya share da tafin hannu, ya sake daga farko. Amsar ba ta canza ba. Dubu ɗaya da ɗari biyu da goma.

A jikin gilashin an rubuta wat ɗari. Datti ya kalli rubutun ya yi murmushi. Rubutun masu sayarwa ne, wa ya aike su faɗin gaskiya? Ga mita, ga lissafi. Ƙwai biyu, wat dubu biyu da ɗari huɗu da ɗoriya, dare da rana, a kan wutar da shi ya ja. Wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, irin daɗin wanda ya daɗe yana zargi yau ya kama hannu a cikin tukunya. Ya mayar da ƙwan mazauninsa don kada a ce ya yi gaban kansa, ya gyara hula, ya nufi sashen Inna.

Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsintar wake, Zuliha na gefe tana wanke robobin zoɓon da ya lalace.

"Inna, barka da hantsi."

"Yauwa," ta ce, idonta a kan faifai.

"Na gano abin da ke cinye mana wuta."

Zuliha ta ɗago. "Ba hadari ba ne?"

"Hadari na nasa. Amma ɓarawon yana cikin gida." Ya tsuguna nesa kaɗan, kamar yadda ya saba. "Ƙwan nan biyu na ɗakin tsaki. Na auna, na lissafa har sau biyu. Abin da suke sha, firiza goma ba za su sha ba."

Hannun Inna ya tsaya. "Firiza goma? 'Yan ƙwayayen nan?"

"Su fa. Ai shi ya sa suke zafi haka. In aka ci gaba, batirin ne zai mutu gaba ɗaya, mu koma zaman duhu."

"La'ilaha illallahu. Wallahi Auta bai sani ba. Da ya sani ba zai yi ba."

Ko a nan ma sai da ta fara wanke shi. Datti ya ce, "Ai ban ce ya sani ba. Ba fanninsa ba ne."

Inna ta ci gaba da juya wake. Can sai ta ɗago, ta dube shi, duba na sosai, ido cikin ido, abin da ya manta rabon da ta yi.

"To, kai ka san kan wuta. Abin da ka ga ya dace ka yi."

Maganar ba ta fi haka ba. Amma da ita ya tashi babur, da ita ya bi gefen kanal yana kauce wa kwatami, yana maimaita ta a ransa kamar yaron da aka ba sabuwar riga. Shinkafa ta yi kore shar hagu da dama, sama ta yi baƙi ta gabas, bai ga ko ɗaya ba.

Kura na cike kamar kullum. Injinan casa na ta ruri, ƙamshin turaren shinkafa ya cika titi, masu a-kori-kura na rigima da masu lodi. Ya faka a gaban shagon Dogo mai kayan wuta, wanda suka yi firamare tare.

"A'a! Yayan Suhaibu mai kaji!" in ji Dogo, da fara'arsa. "Yau kai ne a garin?"

Dogon nan shekara ashirin yana ce masa Injiniya. Datti ya miƙa masa hannu a sanyaye.

Wani mai sayen soket ya juyo. "Au, kai ne wan yaron nan? Kai, Allah ya yi masa albarka. Bikin ƙanwata a wurinsa muka ɗauki kaji, kowace kamar agwagwa. Don Allah ka ce masa Isiyaku na gaishe shi, ya ajiye mini ashirin a zubin nan."

"Zai ji," in ji Datti. Ya juya ga Dogo. "Farin ƙwai nake so, mai tsimin wuta. Guda biyu."

Dogo ya sauko da su, ya gwada kowanne a soket, haske ya watsu fari fat. "Na ɗakinka ne?"

"Na gida ne."

"Na ce ko na ɗakin tsaki ne. Don ƙanenka ba ya sayen irin wannan, kullum sai mai zafi, wai ɗumin ne..."

"Dogo, ka sa mini a leda, hadari na tahowa."

Ana kiran azahar ya iso gida. Ya yi salla a gaggauce, ya shiga ɗakin tsaki ya kwance jajayen ƙwayayen biyu, ya ɗaura fararen. Ɗakin ya yi haske kamar asibiti. Inna ta leƙo da butar ruwa a hannu, ta ce, "Kai, wannan ai ya fi haske." Sai kuma ta miƙa tafin hannu ƙarƙashin ƙwan, ta ɗan jima. "Amma ba ɗumi. Ba za su ji sanyi ba?"

"Ga ɓuntu, ga kwali, ga su da yawa," in ji shi, yana tattara leda. "Kafin ya dawo dai."

Ta juya ta zuba wa tsakin ruwa. An ce mata shi ya san kan wuta, kuma ita ce ma ta faɗa.

Ya wuce zaure da tsofaffin ƙwayayen a cikin hula, don ya ga sakamakon aikinsa da idonsa. A jikin inbata akwai ɗan allo mai nuna wat ɗin da gidan gaba ɗaya ke ja. Kafin ya shiga ɗakin tsaki ya saci kallonsa a wuce, ya ga ɗari biyar da wani abu, bai tsaya tunani ba. Yanzu ya duba, ɗari uku da wani abu.

Ya tsaya. Ya dangwali allon da yatsa kamar zai farkar da shi. In ƙwai biyu na shan dubu biyu da ɗari huɗu, yaya gidan duka, da firiza da fankoki da su kansu ƙwayayen, bai kai ko dubu ɗaya ba? Allon nan yana nan tun ranar da ya kafa inbata, kullum ta gabansa yake wucewa. Bai duba shi da safe ba don ba amsa yake nema ba, laifi yake nema.

Ya ɗauko mita. Ya ɗaura ɗaya tsohon ƙwan a mazaunin zaure, ya bar shi ya yi zafi sosai, ya kashe, ya murɗo shi da sauri ya ɗora wayoyin. Lambar ta fara daga sama da inda ya sani, tana saukowa a gaban idonsa yayin da ƙwan ke hucewa, tana saukowa, har ta zo ta zauna a arba'in.

Sai a lokacin ragowar karatun ya dawo, wanda ya ƙi dawowa da safe. Har muryar malamin ya ji, wani siririn mutum mai yawan atishawa saboda alli. Zaren ƙwai in yana sanyi turjiyarsa kaɗan ce. Da wuta ta shige shi ya yi ja, sai turjiyar ta haura, ta ninka sau goma ko fiye, cikin ƙiftawar ido. Wanda ya auna ƙwai a sanyi ya yi lissafi da shi, ya lissafa abin da ƙwan ke ja a ƙiftawar farko ne kawai. Malamin har cewa ya yi kowace shekara sai an sami wanda ya faɗa ramin nan a jarrabawa.

Bai nemi tsinke ba, da ka ya yi. Dubu arba'in da takwas da ɗari huɗu, a raba da ɗari, ɗari huɗu da tamanin da huɗu. Turjiyar ƙwan ke nan in yana ci, ba arba'in ba. Rubutun jikin gilashin gaskiya ne. Ƙwai biyu wat ɗari biyu, daidai abin da allo ya rage. Suna shan wuta, ba a ce ba sa sha ba, amma firiza ɗaya ce, ba goma ba.

Ya zauna a kan buhun taki, ƙwayayen a cinyarsa.

Abin yi a fili yake, kuma taku kaɗan ne daga zaure zuwa ɗakin tsaki. Abin da ake buƙata kawai ya mayar da su, ya je ya tsuguna gaban Inna ya ce, na yi kuskure. Ya hango yadda za ta mayar da ido kan faifanta ta ce, "Ai dama na ce Auta ba zai yi haka ba." Ya hango yadda labarin zai bi masu aron rariya ya fita gari, Injiniya ya auna ƙwai ya ce firiza goma. Kallon nan da ta yi masa da hantsi, ko yini bai yi da shi ba za a karɓe.

Sai ya fara ciniki da kansa. Suhaibu zai dawo kafin la'asar. Bari dai ya dawo, bari Inna ta faɗa masa da bakinta, sau ɗaya a duniya a ce Auta ya yi ba daidai ba, ya sunkuyar da kai a gaban mutane. Bayan nan sai Datti ya ce ya sake dubawa, za a iya mayar da ɗaya, gobe kuma a mayar da ɗayan. Awa biyu me za ta yi wa tsaki? Kajin Hausa a ƙarƙashin rumbu suke kwana ba wanda ya kunna musu komai. Ya san waɗannan ba kajin Hausa ba ne, ya san ba su da uwar da za ta rufe su. Ya tura ƙwayayen bayan batir, ya ɗauki fartanya ya ce wa Zuliha zai je ya duba kunyar gona kafin ruwa ya sauko.

Ruwan ya same shi a can. Ya zo da iska mai sanyi, irin wadda ke shiga ƙashi, sannan ya zauna ya yi ta zuba ba gaggawa, ruwan marka da ba ya faɗin ranar tafiyarsa. Datti ya fake a rumfar masu gadin tumatir da aka bari tun rani. Rigarsa ta jiƙe, haƙoransa suka fara haɗuwa. Shi ƙato, mai shekara arba'in, yana rawar ɗari. Ya tuna tagar ɗakin tsaki da buhu kawai aka toshe ta.

Sau biyu yana miƙewa. Na farko ya ce bari ruwan ya ɗan tsagaita. Na biyu har ya fita, ya ji muryar Dogo a kunnensa, yayan Suhaibu mai kaji, ya dawo ya zauna. A nan ya yi la'asar, a kan busasshen kara, kuma bai iya tsayar da zuciyarsa a sallar ba. Da ya sallame bai tsaya addu'a ba, ya bar fartanyar a rumfa ya kama hanya cikin ruwan, tun yana sauri har ya koma gudu, taɓo na cire masa takalmi.

Buhunan abincin kaji biyu ya fara gani a zaure, an rufe su da leda. Suhaibu ya riga shi.

A ɗakin tsaki farin hasken na nan tar. 'Yan tsakin sun bar tsakiyar kewaye, sun cure a lungu ɗaya, wani kan wani, suna wani siririn kuka. Suhaibu na durƙushe, jiƙe sharkaf, yana ɗaga na sama a hankali yana zaro na ƙasa. Waɗanda aka danne sun yi laushi, wuya a langaɓe. Yana sa su a bokiti ɗaya bayan ɗaya, kuma bokitin ya kusa rabi. Inna na tsaye da kasko cike da garwashi, Zuliha na toshe taga da tsohon bargo.

Datti ya tsaya a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga haɓarsa. Ya shirya wa ihu. Ya ma fi son ihun, ya fi son yaron ya tashi ya ci kwalarsa.

Suhaibu ya waiwayo. Idonsa ya yi ja, amma muryarsa ƙasa take.

"Yaya, sannu da ruwa. Inna ta faɗa mini." Ya goge hanci da bayan hannu. "Don Allah ka yafe ni. Wallahi ban san haka suke sha ba. Na ga an rubuta ɗari, na ɗauka ɗarin ce. Ashe duk asarar da Anti Zuliha ke yi ni ne."

"Suhaibu..."

"Da na tambaye ka tun farko da ba a yi haka ba. Ga mai ilimin abin a gida, na je ina yin gaban kaina."

Datti ya juya zaure, ya zaro ƙwayayen daga bayan batir, ya dawo da su.

"Tashi mu mayar da su. Lissafin ba daidai ba ne. A sanyi na auna, ba a auna shi a sanyi. Wat ɗari ne kowanne, yadda aka rubuta. Ɗari biyu duka."

Suhaibu ya kalli ƙwayayen, ya kalli yayansa, sai ya yi wani ɗan murmushi mai ciwo ya girgiza kai.

"A'a, Yaya. Na san tausayina ka ji."

"Ba tausayi ba ne, gaskiya nake gaya maka. Zo zaure ka ga allon inbata."

"Me na sani a allo? Da safe ka auna har sau biyu, Inna ta ce. Yanzu don ka ga sun mutu ne kake so ka ɗauke mini nauyi. Ba zan ƙara jefa gidan nan a duhu saboda kaji ba. Gawayi zan riƙa sa musu, mutane da yawa da shi suke yi. In na sayar da zubin nan na sayi ɗan faifaina daban." Ya karɓi kaskon daga hannun Inna, ya ɗora a kan bulo a tsakiyar kewayen. "Ka ajiye su kawai, Yaya."

"Na ce maka kuskure na yi!"

Muryar ta fi yadda ya so ƙarfi, har tsakin suka firgita. Zuliha ce kaɗai ta juyo daga taga ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta mayar da kai ga bargonta.

Ɗumin garwashin ya fara bazuwa. 'Yan tsakin da suka rage suka soma warwarewa daga lungu, suna tahowa da ɗaiɗai da ɗaiɗai. Suhaibu ya sa hannu yana tura raunanan kusa da kasko, yana musu magana ƙasa-ƙasa. Ko alamar zargi babu a fuskarsa. Datti ya dube shi, ya ji abin nan ya sake motsawa a ƙirjinsa, bai mutu ba, ko a nan bai mutu ba. Kajin ma ya bar masa, yanzu wannan wankakkiyar zuciyar yake wa kishi.

Inna ta gyara mayafi za ta fita. Da ta zo daidai Zuliha sai ta tsaya, ta yi magana da ita yadda ta saba in saƙon na wani ne, da murya daidai yadda zai ji.

"Kin gani ko? Ya yarda a ce shi ya yi kuskure, don kada ƙanensa ya ji ciwo. Mijin nan naki, samun irinsa sai an tona. Allah ya yi masa albarka."

"Amin, Inna," in ji Suhaibu, da sauri, da zuciya ɗaya.

Zuliha ta ci gaba da cusa bargon a taga.

Shekara arba'in Datti yana jiran wannan magana. Ya tsaya da ƙwai ɗaya a kowane hannu, ya rasa inda zai ajiye su. Daga baya ya sa su a aljihu, ya sunkuya ya ɗauki bokitin.

"Bar shi, Yaya, zan kai."

"Zauna da su," in ji Datti.

Ya fita da bokitin ta ƙofar baya. Ruwan bai tsaya ba, kuma sai da ya isa bayan katanga ya tuna fartanyar tana gona. Ya durƙusa ya fara tona taɓon da hannu.